Shekarar da Yaya Hajo Ta Koma Rumbunci

Wannan babin saboda ku na rubuta shi, ku 'ya'yana, musamman yayanku, wanda har yau in ya shigo gaishe ni a tsaye yake yi, hannunsa ɗaya riƙe da labule. Na san abin da ke ranku. Kuna cewa babanku ya yi jinyar ajali matarsa tana can Shinkafi tana jinyar wata. Gaskiya ne, ba na nan. Amma ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni yadda aka yi, ni kuma kun san halina, ba na bin mutum da bayanin da bai nema ba. To yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara yi mini gardama, gara in faɗa tun ina iyawa. Ba lallashi nake yi ba. So nake ku san abin da na sani, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Sai na fara da Rumbunci, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Kun sha jin ina yi wa kaji magana da shi a tsakar gida, kuna ƙunshe dariya kuna cewa tsufa ya kama Mama. Ba tsufa ba ne, harshe ne, kuma kakarku ce ta ƙirƙiro shi. Inna, mahaifiyarmu, da ƙanwarta Ladi, tun suna 'yan mata a Zurmi, bayan rumbun kakanmu suke laɓewa su yi hirarsu. Zaurance kowa ya iya, har ƙannensu maza suna ganewa su kai tsegumi, sai suka shirya nasu. Kalma suke juyawa, gabanta ya koma baya. Ruwa ya zama waru, gida ya zama dagi, tuwo ya zama wotu. Akwai kuma kalmomin da ba su da uwa ba su da uba a Hausa, su biyu kawai suka haife su, kamar kuɗum, wato namiji. Da suka yi aure ba su bar shi ba. Suka koya wa 'ya'yan Inna mata da 'ya'yan 'yan'uwa, tun muna goye, da sharaɗin ba a koya wa kuɗum ko da ya yi kuka. Ni da shi na fara roƙon nono, in ji Inna.

Harshen mutum biyu ne, amma sai da ya rabu biyu. Ladi, da muke kira Inna Ƙarama, ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa a nan Kaura, ta zauna cikin Kanawa da mutanen kudu, bakinta ya sauya. Rumbunci kuwa a kan Hausa yake zaune, in Hausar ta motsa dole ya motsa. Inna tana cewa hura, ta juya ta ce rahu, ta ja ƙarshen kalmar har sai ka gaji da jira. Inna Ƙarama tana cewa fura, ta juya ta ce rafu, a guntule, ta wuce. In ta zo Zurmi da salla, ga takalmi mai tsini, ga turare, ga burodi a jaka, wace yarinya ce ba za ta so ta yi magana irin tata ba? Kafin a ankara bakin Kaura ya zama na wayayyu, bakin Zurmi ya zama na tsofaffi da 'yan ƙauye. Har yarinyar da ba ta taɓa ganin jirgi ba sai ka ji tana datse kalma tana yatsina. Inna ba ta taɓa cewa ƙanwarta ta ɓata harshen ba, sai dai in ta ji mu ta ce, "To, jirgi ya iso."

Ni aka ba Inna Ƙarama riƙo, don Allah bai ba ta haihuwa ba. A hannunta na girma, na yi makaranta, bakin Kaura ya zama nawa. Yaya Hajo, babbar yayarmu, ta tashi a gaban Inna, daga baya ta yi aure a Shinkafi, ta tafi da bakin Zurmi ko ƙwaya ba ta zubar ba. Mace ce mai kafiya, Allah ya jiƙanta. Duk haɗuwarmu a biki ko suna, da na buɗe baki sai ta toshe kunne ɗaya.

"Ke dai Rabi, kin tahi birni an yanke miki wutsiyar magana. Sake hwaɗi da kyau in ji."

"Yaya, kafin ki gama jan kalma ɗaya ai tuwo ya huce."

"Ya huce ɗin. Ni yadda uwata ta hwaɗi shi haka za ni mutuwa da shi."

Haka muka yi ta yi har furfura. Inna ta rasu, Inna Ƙarama ta bi ta, 'yan'uwanmu mata suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Na gwada koya wa matan cikinku, ke Hadiza kika ce, "Mama, wannan ai shirme ne," kika koma kan littafinki. Yaya Hajo kuma maza kaɗai ta haifa. Sai ya zama duk faɗin duniyar nan mu biyu muka rage masu Rumbunci, kuma ko mu biyun ba baki ɗaya muke yi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, ana tsakiyar damina, Lawali ɗanta ya kira ni a waya. Ya ce hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, an kwana biyu a asibiti an sallamo su. Na ce Inna lillahi, me ya hana a gaya mini tun tuni? Sai ya yi ƙasa da murya.

"Inna, jikin da sauƙi. Bakin ne. Ba Hausa take yi ba. Mun kawo mai jin Hillanci ya ce ba nasu ba ne, mun kawo wani ɗan Nijar ya ce shi dai bai taɓa jin irinai ba. Malamai sun ce iska ne, ana ta ruƙiyya."

Yana cikin magana na jiyo wata murya a bayansa, a shaƙe, tana maimaita abu ɗaya tana ja. Waruuu. Waruuu. 

"Lawali, kana ji na? Ajiye wayar nan ka ba uwarka ruwa."

Na fito na sami babanku a gindin darbejiya yana gyaran igiyar akuya. Na gaya masa komai, har abin da aka hana mu gaya wa maza. Ya daɗe yana murza igiyar bai ɗago ba. Kun san shi, magana sai ta nuna yake fitar da ita.

"Wato tana cikin 'ya'yanta da jikokinta, ba mai jin ta."

"Ba ko ɗaya, Malam."

"To me kike jira? Tafi."

"Sai yaushe zan dawo?"

"Sai ta sami mai jin ta."

Ku riƙe wannan, don ba ku nan aka yi shi. Lokacin hanyar Shinkafi ta riga ta lalace da 'yan bindiga, motoci sai sun taru ake tashi a jere, kowa bakinsa da addu'a. Haka na bi su. Na iske ɗakin Yaya ya turnuƙe da hayaƙin magani, ita kuma ta ƙanƙance a kan katifa, leɓenta ya karkace, idonta kaɗai ke yawo. Luba matar Lawali, yarinyar kirki, ita ke ɗawainiya da ita, duk ta rame don tsoro. Ta ja ni gefe tana raɗa.

"Inna, har sunan aljanin mun sani. Nazam. Duk wanda ya miƙe zai hita sai ta kira shi. Mu ko da mun ji sai mu yi waje da gudu."

Na juya kalmar a raina. Zamna. Zamna take cewa, da bakin Zurmi. Mako da makonni baiwar Allah tana roƙon a zauna da ita, suna jin roƙon suna tserewa. Ban ga laifinsu ba, ina za su sani? Na tuɓe mayafi na zauna a bakin katifar, na kama hannunta mai lafiya. Ni a bakina zauna nake cewa, don haka nazau nake juyawa. Na ce mata ga ni, na nazau, ba inda za ni. Ta zuba mini ido. Ta zare hannun daga nawa a hankali, ta ɗaga, ta ɗaka mini duka a gwiwa.

"Nazaaam," in ji ta.

Luba ta ƙwalla ihu wai aljani ya fara duka. Ni kuwa dariya ta kama ni har na kifa kai a cinyar Yaya, daga nan ta rikiɗe ta zama kuka. Rabin jikinta ya tafi, Hausarta ta tafi, amma gyara mini baki yana nan daram.

Likitan da muka koma wurinsa ya ce yana faruwa, ciwon yakan ɗauke harshe ya bar wanda mutum ya fara da shi. Salla kuwa ba ta kuɓuce mata ba, Fatiha da kalmar shahada suna fita tas. Lawali ya sallami masu hayaƙi, aka buɗe taga. Ni na zama bakinta, na zama kunnen gidan. Ashe maganganu ne cunkushe a cikinta. Miyar Luba gishiri ya yi yawa. A juya mata katifa ta fuskanci ƙofa. Kada a kuskura a sayar da jar akuyarta. Wane ne ya mutu a unguwa da ta ji ana kuka ranar nan ba a gaya mata ba? Har malamin da ya fi kowa tsawa a kanta sai da ta yi mini gulmar hancinsa. Amma sharaɗinta ɗaya ne, duk abin da na faɗa da bakin Kaura ba ta ji ba. Ta ji sarai, sai dai ta kau da kai, ko gwiwata ta sha. Dole na koma koyon abin da na bari tun ina 'yar ƙarama. Kuma ba a juya shi daga Hausar da nake yi, sai na fara tuno yadda Inna za ta faɗi abin da Hausarta ta Zurmi, sannan in juya, sannan in ja. Sai ya zama kullum ina tare da muryar Inna a kaina. Wata rana ina ba ta kunu na yi wata doguwar magana ban yi tuntuɓe ba, ta tsaya da haɗiya tana kallona, ta ce yanzu na zama yaɗin Inna, wato ɗiyarta. Na tsufa da jikoki, amma ranar kamar an ba ni sabon zane.

Kada ku ɗauka daɗi ne zalla. Gidan cike yake da mutane, amma mu biyu muna can gefe. In muna hira yara sukan leƙo su yi dariya su ruga. Maƙwabta suna gaishe ni daga nesa, don har lokacin wasu ba su yarda ba iska ba ne, sai ma suka ce mu biyu ne masu iskar. Da la'asar in Yaya ta yi barci nakan zauna a bakin ƙofa in ji ana daka a gidaje, in tuna babanku yana can yana shan shayinsa shi kaɗai, kewa ta cika mini ciki. Na karya dokar gidanmu na fara koya wa Luba, ita da ba jininmu ba. Waru, wotu, rahu, woci in ciwo ne, yisan in sanyi ne, da nazam. Bakin Zurmi kaɗai na koya mata, don shi mai jinyar ke karɓa. Tana kamawa, amma a hankali, ga goyo ga girki.

Ana nan aka rufe layukan waya a jiharmu gaba ɗaya, kun tuna. Labari sai a bakin direba. Kaka ta yi, ana yankan gero, sai ga yayanku ya yi sallama, ƙura har gira. A makon nan Yaya tana fama da zazzaɓi mai zafi, haɗiya tana gagararta, ni kaɗai ke gane inda ke mata ciwo in gaya wa mai allura. Ko zama bai yi ba.

"Mama, Baba ba lafiya. Ki shirya mu tafi."

"Yana cin abinci?"

"Yana shan kunu."

"Yana magana?"

"Yana yi."

"Shi ya ce in zo?"

 Yaron nan ba ya ƙarya, wannan na ba shi.

"Cewa ya yi in kin tambaya in gaya miki shi yana da masu jin sa."

Na leƙa ɗaki. Yaya ba ta yin Hausa a bakinta, amma tana ji a kunnenta, ta ji duk abin da aka ce. Ta kafe ni da ido, jikinta yana rawar zazzaɓi. Na fito na ce wa yayanku ya koma, da zarar zazzaɓin ya sauka zan biyo motocin ranar kasuwa. Ya ce, "Shi ke nan, Mama." Luba ta kawo masa abinci bai taɓa ba. Zazzaɓin ya sauka. Na ɗaure kayana tun jajibirin kasuwa. Da safe ina shirin fita tasha wani direba ɗan unguwarmu ya yi sallama, na ga ya cire hula ya durƙusa, tun bai buɗe baki ba na sani. An binne babanku tun jiya da azahar.

Mutumin nan tun ina budurwa nake tare da shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ban ba shi ruwan ƙarshe ba, ban ji abin da ya ce ba, ban ga fuskarsa ba. Wannan ciwon nawa ne, ya fi naku, ko kun yarda ko ba ku yarda ba. Amma da abin da na sani a ranar na auna. A can akwai mai magana da 'ya'ya shida a kansa, a nan akwai wadda in na fita ba mai sanin ko ruwa take so ko juyi. Ban san ajali ya zo ba. Ku ma da kuke gabansa ba ku sani ba.

Sai ga takaba. Dole in koma ɗakin mijina in zauna, wannan ba shawarar kowa ba ce, hukuncin Allah ne. Na shiga na durƙusa a gaban Yaya na ce mata jimi ya tumu, miji ya mutu. Hawaye ya zubo mata ta ido ɗaya. Na yi mata bayanin takaba, na ce da na fita zan dawo, ga Luba ta iya abin da ta iya. Ta gane, ita ma ta yi takabar nan. Amma da na miƙe sai hannun nan mai lafiya ya damƙe bakin zanena.

"Nazam. Rabi, nazaaam."

Ban taɓa sanin akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Yatsa ɗaya-ɗaya na ɓamɓare, Luba ta riƙe hannun tana kuka. Har na kai zaure ina jiyo ta.

Kun ga zaman takabata, ba sai na ba ku labari ba. Kwanakin farko gida ya cika, daga nan ya watse. Kuna zuwa, kuna kawo cefane, kuna gaishe ni kamar baƙuwar da aka bar muku amana. Ba wanda ya ce, Mama, yaya kika baro Yaya Hajo? Ni kuma ban ce ba. Ga ba waya. Ina zaune a ɗakin babanku, ga buzunsa ga butarsa, hankalina rabi a kabarinsa rabi a Shinkafi.

Takabar ta yi nisa amma ba ta ƙare ba, wata ranar da hantsi na ji sallamar Lawali. Ya tsaya a zaure, Luba ta shigo ita kaɗai. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa biyu, ta mijina da ta 'yar'uwata. Yaya ta cika tun farkon mako, an kai ta. Muka yi kuka muka yi addu'a. Da muka natsa sai na ga fuskar Luba ta ɗan washe, alamar ta riƙo mini wani abu mai daɗi.

"Inna, abin da zai sanyaya miki rai, Allah ya buɗe bakinta kahin ta cika. Ta yi kalmar shahada, kuma ta yi Hausa. Hausa tsantsa, kowa ya ji."

"Me ta ce?"

"Tun ana gobe za ta rasu take kallon ƙohwa tana cewa, na zo, na zo. Liman ya ce alama ce mai kyau, kira aka yi ta amsa."

Na ce ta maimaita mini yadda ta faɗa, kada ta gyara, yadda ya fito daga bakinta. Luba tana da kunne. Ta rufe ido, ta ɗan karkata leɓe, ta faɗa sau biyu, a guntule, ba ja ko kaɗan.

Ba na zo ba ne. Nazau ne. Luba ba ta san shi ba don ban taɓa koya mata ba. Bakina ne, bakin Kaura, wanda Yaya ta toshe wa kunne tun muna yara, wanda ta dake ni a kansa da hannun da ya rage mata. Ta kira ni da bakin Inna na ɓamɓare yatsunta na tafi. Shi ne ta ajiye shi ta ɗauki nawa, tana kallon ƙofa, ko zan ji.

Luba tana jira in yi murna. Na ce mata Allah ya sa haka ne, Allah ya saka mata da alheri. Ban gaya mata ba, ban gaya wa Lawali ba, ku ne na farko da kuka ji. Ta sha ruwa, ta gyara goyonta, ta ce za su koma kada motoci su tashi su bar su. Ta miƙe ta kai bakin ƙofa. Ban shirya ba, sai ji na yi ya fito daga bakina, da ja, yadda Inna take yi.

"Nazaaam."

Ta tsaya cak. Ta waiwayo ta dube ni, ta dawo ta zauna a tabarma kusa da ƙafata, ta kwance goyon ta ɗora a cinya.  Muna nan zaune har Lawali ya aiko a ce mata direba ya gaji da jira, sannan ta tafi.